Lahadin da Na Roƙi Gaspar

Da yawa daga cikinku tambaya ɗaya kuke ta yi min, wasu a fili, wasu ta akwatin saƙo: wai Dita, kina son Telmo ko ba kya sonsa? Wata baiwar Allah ma ta rubuto cewa in daina wasa da zuciyar ɗan mutane. Duk na karanta, kuma ban ji haushin kowa ba. Yau dai zan faɗa muku abin da na daɗe ina kewayewa, sai ku yanke hukuncin da kanku.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, sunana Benedita, a gida Dita ake ce min. Shekarata ashirin da biyar, daga wani ɗan gari a tsaunukan tsakiyar Fotugal. Wata tara ke nan ina Rachita, ƙauyen masunta a ƙarshen kogin Danub a Romaniya, inda mota ba ta zuwa sai jirgin ruwa. Aikin sa-kai na zo yi wa wata ƙaramar ƙungiya ta mutanen ƙauyen. Muna tsince robobin da ambaliya ke cusawa cikin kacala, muna ciro tsofaffin ragar kamun kifi da aka bari a ruwa, muna haɗa dandamalin katako mu baza masa tsakuwa mu ɗaure shi a tsakiyar tafki don tsuntsaye su sami wurin yin ƙwai. Ba albashi. Wurin kwana ne da abinci da ɗan na sabulu.

Mutane na ɗauka son tsuntsaye ne ya kawo ni. Ranar da na cike takardar ko sunan ɗaya ban sani ba. Jerin wuraren na duba, na zaɓi wanda ya fi kowanne ruwa. Yayana Gaspar yana cikin 'yan kwana-kwana na sa-kai a garinmu, gobarar daji ta rutsa da shi a watan Agustan bara. Shekararsa ashirin da takwas. Mu biyu ne kaɗai wurin Mama, babanmu ya rasu tun muna ƙanana. Bayan an binne Gaspar na kasa zaman garin da duk inda ka juya toka ce da baƙin kututture.

Tun daga lokacin kamar an cusa min auduga a kunne. Ina ci, ina barci, ina aiki. Jagoda, 'yar Poland da muke ɗaki ɗaya, kullum cikin faɗa take da sauro, tana mari tana zagi da yarensu. Ni sai na ga jini a hannuna nake sanin an cije ni. Tanti Varvara, tsohuwar da muke zaune a gidanta, ta ce ta ga masu makoki iri-iri a rayuwarta, amma ba ta taɓa ganin wadda ko gishiri ba ta nema a miya ba.

Shi kuwa Telmo abokin Gaspar ne tun suna firamare, tare suka shiga aikin kashe gobara. Shekara biyu muna soyayya kafin abin ya faru. Bayan na taho, kowace Lahadi yana gidanmu. Ya gyara rufin kicin, ya kai Mama asibiti a duba hawan jininta, ya faskara mata itacen sanyi. A hankali Mama ta fara zaunar da shi a kujerar Gaspar, tana zuba masa abinci a farantin Gaspar mai koren baki.

Ranar Kirsimeti aka kira ni ta bidiyo. Dangi sun cika falo, ƙanwar Mama, Anti Celeste, ce riƙe da wayar tana karkata ta. Telmo ya durƙusa da zobe a hannu. Hoton yana tsayawa yana tafiya, har bakinsa ya maƙale a buɗe na ɗan lokaci. A bayansa na hango Mama cikin baƙaƙen kaya, ta haɗa hannuwa a ƙirji, fuskarta da wani haske da rabona da ganinsa tun Agusta. Sai na ce to. Haka kawai, kamar an tambaye ni ko a ƙara min miya. Falo ya kaure da tafi, ni kuma na kashe wayar na koma gidan Tanti na ci gaba da feraye dankali.

Daga nan Mama ta sami abin yi. Kullum da safe saƙonninta ne a jere.

"Fadan cocinmu ya ba mu sha huɗu ga Satumba."

"Leshi fari tas ko mai ruwan madara? Celeste ta ce mai ruwan madara ya fi rufa wa mai rama asiri."

"Mai ɗinki ta ce ki sake awon ƙugu, wai wannan na 'yar shekara sha biyu ne."

"Kin ci abinci?"

Amsata kullum ɗaya ce: "To, Mama." Tanti Varvara ce ta yi min awon da tef ɗinta na ɗinki. Ta tsayar da ni a tsakiyar ɗaki, gaban kusurwar da ta jera hotunan waliyyai, tana jan tef tana tsaki. Ta ce a zamaninsu amarya mai irin wannan ƙugun mayar da ita ake yi gidan ubanta a ƙara kiwo.

Ranar Talatar nan, ina hanyar bakin ruwa cikin dogayen takalman roba, na biya ta bayan coci inda ake samun sabis, sai ga saƙo daga Telmo.

"Ina Tulcea. Zan hau jirgin ƙarfe ɗaya da rabi. Kada ki tsorata, ba wanda ya mutu."

Tulcea ne garin da ake hawa jirgin ruwan zuwa Rachita. Na karanta sau biyu, na mayar da wayar aljihu. Da na faɗa wa Jagoda a cikin kwale-kwale, saura kaɗan ta kifar da mu. Ta ce mutum ya tsallako rabin Turai saboda ni, ni kuma na zauna kamar an ce min albasa ta ƙara tsada. Nea Ignat, tsohon masuncin da ke tuƙa mu, ya tambayi abin da ake ciki. Da aka yi masa bayani, abin da kawai ya so sani shi ne ko angon ya iya iyo.

Ranar mun tarar da wata kwasakwasa a cikin tsohuwar raga, zaren ya nannaɗe mata fiffike har ya shiga nama. Ni aka ba bakinta in riƙe, na rungume jikinta a ƙirjina, Nea Ignat yana yanke zaren ɗaya bayan ɗaya da wuƙarsa. Ina jin bugun zuciyarta a damtsena, da sauri da sauri. Da muka sake ta, ta ɗan yi tangaɗi a kan ruwa, sannan ta ja jiki ta shige kacala. Jagoda ta fashe da kuka. Ni abin da na lura da shi kawai, ta fi yadda na zata nauyi, kuma ta bar min ƙarni a riga.

Kafin mu dawo labari ya riga mu isa gida, ban san ta ina ba. Tanti Varvara ta share tsakar gida, ta wanke shuɗin bencin ƙofa, ta ɗora babbar tukunyar miyar kifi a murhun waje. Da ta gan ni na nufi bakin jirgi da wandon aiki, ta tare ƙofa da jikinta. Ta buɗe akwati ta ciro wata riga mai ƙananan furanni, ta 'yarta da ke aiki a Italiya, mai warin maganin asu. Ta yi min yawa a kafaɗa, Tanti ta kama da fil biyu. Jagoda ta taje min kai ta shafa min jan baki. Na tsaya suka yi yadda suke so.

Jirgi ya iso biyar saura. Aka sauke buhunan fulawa da tukwanen gas da wani sabon firji, sannan Telmo ya fito da akwati. Farar riga ya sa, wadda na san Mama ce ta goge ta, duk ta yamutse a hanya, da baƙin takalmin zuwa coci. Ya rame. Gashin gefen kansa ya fara furfura, yaron da bai kai talatin ba. Ya rungume ni, na ji ƙamshin sabulun wankin gidanmu a jikin rigar. Na tsaya ina jira in ji wani abu ya motsa a ƙirjina. Fil ɗaya ne ya soke ni a kafaɗa.

"Kin yi baƙi," in ji shi.

"Rana ce. Ya hanya?"

"Da nisa."

Iyakar abin da muka ce ke nan har gida.

A kan teburin tsakar gida ya buɗe saƙon Mama: man zaitun, cuku, ambulan mai ƙyallayen leshi biyu, ƙaramin akwatin zobe, da wani ƙaton busasshen kifi mai gishiri da aka naɗe a jarida. Tanti Varvara ta ɗaga kifin da yatsu biyu, ta juya shi, ta ƙwanƙwasa shi a gefen tebur.

"'Yar nan, tambayar min shi. Tun daga ƙarshen duniya ya ɗauko katako mai siffar kifi ya kawo gidan masunta? Ko ce masa aka yi yunwa muke ji?"

Na fassara masa, ya yi dariya har kunnuwansa suka yi ja. Ta cika masa kwano da miya, ta yanko masa tuwon masara da zare, ta tura masa dakakkiyar tafarnuwa, ta tsaya a kansa sai da ya ƙara sau biyu. Nea Ignat ya kama hannunsa ya juya tafin, ya ga kanta, ya gyaɗa kai. Amma maganar kwana Tanti ta ce ba a gidanta ba. Duk namijin da Fada bai sa wa albarka ba, gidan Ignat ne masaukinsa. Zoben kuwa yana nan kan tebur tsakanin cuku da kwalbar mai, ba wanda ya taɓa shi. Tanti ce ta ɗauke shi daga baya ta ajiye a kan taga don kada kyanwa ta ture.

Washegari Laraba ya ce zai bi mu aiki. Aka ara masa takalman roba da suka fi ƙafarsa girma. Kun san mutumin da ya saba aikin ƙarfi, ba a nuna masa abu sau biyu. Kafin rana ta take ya cika buhu tara shi kaɗai, robobin ruwa da na man inji da takalman yara da wata kujerar roba mai ƙafa uku. Jagoda tana ta zungurina da gwiwar hannu. Da tsakar rana Nea Ignat ya sauke mu ni da shi a wani ɗan tsibirin yashi, ya ce mu tsince gefen nan, su za su je duba dandamalin tsuntsaye su dawo. Ba ranar duba dandamali ba ce. Na ga Jagoda tana kallon sama kamar ba da ita aka shirya ba.

Yanzu bari in tsaya in faɗa muku abin da ban taɓa rubutawa ba.

Lahadin da gobarar ta tashi ba ranar aikin Gaspar ba ce. Ta Telmo ce. Zafi ake yi mai tsanani, ni kuma na sayi sabuwar riga ruwan ɗorawa, ina son Telmo ya kai ni wani rafi da ake zuwa wanka, tafiyar awa ɗaya daga garinmu. Telmo ya ce ba zai yiwu ba, yana aiki. Sai na sami Gaspar a tsakar gida yana wanke babur ɗinsa, na dinga roƙonsa ya karɓar masa, ina jan hannun rigarsa kamar muna yara. Ya ce ya gaji, jiya ma a can ya wuni. Na ce ai sau ɗaya ne, kuma ba abin da zai faru. Ya watsa min kumfar soso a fuska, ya ce ya yarda, amma sai na goge masa riguna na sati guda.

Ƙarfe uku na rana iska ta juya. Su uku ne a motar kwana-kwana, biyu suka fito da ƙuna. A lokacin ina zaune a kan dutse, ƙafafuna cikin ruwa, ina shan kankana, wayoyinmu suna cikin mota. Da muka koma wurin motar na tarar da kira ashirin da uku.

Musayar rana a wurinsu ba wani abu ba ne, kullum ana yi. Ba wanda ya tambaya. Ni da Telmo ma ba mu taɓa maganar ba, ko sau ɗaya, ko a hanyar dawowa ranar.

To, a kan tsibirin nan, yana durƙushe yana zaro leda daga cikin yashi, bai ko kalle ni ba, ya ce, "Na faɗa wa Mama."

"Me ka faɗa mata?"

"Lahadin. Cewa ranata ce. Cewa rafi muka tafi."

Na ci gaba da riƙe bakin buhu. Wata balbela tana tsaye a gefe tana kallonmu.

"Ka ce mata ni ce na roƙe shi?"

"Na ce ni ne."

Ya zauna a kan yashi ya cire safar hannu. Ya ce wannan Lahadin da ta wuce ne, Mama ta zuba masa abinci, ya ɗauki cokali, sai hannunsa ya ƙi kaiwa baki. Watanni ke nan yana ci a farantin Gaspar, yana zama a kujerarsa, Mama tana kiransa ɗana, shi kuma kowane mako sai ya tsayar da mota a hanyar komawa ya amayar da abin da ya ci. Ya ce bai iya ƙara ko loma ɗaya ba, sai ya ajiye cokalin ya faɗa mata. Na tambaye shi me ta ce. Ya ce tashi ta yi ta wanke kwanukan da ke gabanta, ta goge hannu, sannan ta ce ya nemi tikiti ya kawo min saƙo, sauran maganar ita da ni ce.

"Dita, ina sonki," ya ce. "Amma wani lokacin ban sani ba ko sonki nake yi, ko don ke kaɗai ce kika san abin da na sani. Ke fa?"

Na so in ba shi amsa, tsakani da Allah. Na duba cikina kamar mai laluben ashana a aljihu, ban sami komai ba. Na ce masa ban sani ba. Ya gyaɗa kai, ya ce jirginsa ƙarfe bakwai ne gobe da safe. In na sa zoben zai koma ya kama hidimar biki. In ban sa ba zai tafi da shi, kuma ba zai ga laifina ba. Daga nan muka ci gaba da tsintar roba, muka cika buhu biyu kafin Nea Ignat ya dawo.

A gidan Tanti ba sabis, sai an hau gangaren da ke bayan coci. Da la'asar na hau. Wayar ta yi ƙara sau ɗaya. Saƙon murya ne daga Mama, ita da ba ta taɓa turo min murya ba tunda na zo, don ta ce ba ta son jin kanta a waya. Na zauna a kan ciyawa na kara a kunne.

"Dita. Telmo ya zo min da wani zance, wai shi ne. Yaron kirki ne, amma bai iya ƙarya ba. Ina kicin ranar, taga a buɗe take. Na ji kina roƙonsa, na ji ya ce sai kin goge masa riguna. Ni na naɗe masa burodi a takarda ya tafi da shi. Ban taɓa riƙe ki a zuciya ba, 'yata, ko na minti ɗaya. Amma ki saurare ni. In kuka yi aure, zan iya ce wa kaina ɗana ya tafi ne don ƙanwarsa ta sami gida. In kuwa ba ku yi ba..."

Ina jin famfon kicin ɗinmu yana ɗiga, wanda tun ina makaranta yake ɗiga.

"In ba ku yi ba, to ya tafi ne don ku je wanka a rafi. Ban san yadda zan rayu da wannan ba. Ki zaɓi leshin."

Sau uku na saurara. Wata goma ina ɓoye abin da ta sani tun kafin Gaspar ya fita ƙofa. Na tsallake ƙasashe shida don kada ta kalli idona ta gane, ashe duk "kin ci abinci" ɗin nan da sani take rubuta shi. Na jira kuka, na ma gyara zama don ya zo. Bai zo ba. Abin da ya zo yunwa ce, irin wadda ke murɗa ciki, wadda rabona da ita tun bara.

Na sauka na tarar da Tanti tana gyaran kifi a tsakar gida. Na ɗauki kwano da kaina na ɗebi sauran miyar jiya, na ci a tsaye, na ƙara. Tanti ta daina kankare ɓawon kifi tana kallona. Ba ta tambaye ni ba, ni ce na fara, da guntun Romaniyancin da na iya, ina haɗawa da hannu. Na faɗa mata babur da soso da kankana da kira ashirin da uku, na faɗa mata abin da Mama ta ce. Ta bari na gama. Ta goge wuƙa a jikin zanen da ta ɗaura a gaba.

"Uwarki wurin ajiye gawar take nema," ta ce. "In kika yarda, a ɗakinki za ta ajiye ta, ke da yaron nan ku zauna da ita shekara hamsin."

Sai ta ɗaga kafaɗa, ta ce amma ita tsohuwa ce da ta ji gefe ɗaya, kuma da ɗanta ne aka binne, ba ta san irin abin da za ta nema daga 'yarta ba. Ta miƙo min wuƙa ta ce in kama mata kifi biyun da suka rage.

Yau Alhamis na tashi da wuri, na sa wandon aikina, na ɗauki akwatin zoben daga kan taga. Telmo yana bakin jirgi, ya sake sa farar rigarsa, Nea Ignat ya ba shi ƙullin kifi mai hayaƙi ya kai wa Mama, wai ta ga yadda kifi yake. Da ya ga akwatin a hannuna maimakon zoben a yatsana, ya sunkuyar da kai.

"Ba a'a nake cewa ba," na ce masa. "Wancan 'to' ɗin nake janyewa, don ba kai na ba wa ba. Mama na ba wa."

"Na sani. Bayana kike kallo ranar."

"In wata rana ka sake tambaya, ni da kai kawai, zan ba ka amsar da take tawa. Ban san wace ce ba."

Ya karɓa ya sa a aljihun wando. Fuskarsa ta yi wani iri, kamar an mare shi kuma an sauke masa kaya a lokaci ɗaya. Ya tambaye ni wa zai faɗa wa Mama. Na ce ni. Ya ce zai ci gaba da faskara mata itace, amma ya daina zuwa cin abincin Lahadi. Jirgi ya yi ƙara, ya shiga, ya tsaya a baya yana kallona har suka sha kwana. Na ɗaga masa hannu, don na ga haka ya kamata.

Nea Ignat ya riga ya tada inji, Jagoda tana kirana. Na ce su ba ni minti biyu. Na hau gangaren coci da gudu, takalman roba suna faɗa min a ƙafa, na buɗe waya. Yatsuna suka je kan "To, Mama" da kansu, sai da na goge. Ga abin da na rubuta:

"Mama, na ji saƙonki. Gaspar ya tafi ne don ya kashe wuta. Ba don aurena ba, ba don rafi ba. Ni ce na roƙe shi, kuma zan rayu da wannan. Ki ce wa Fada ya ba wasu sha huɗu ga Satumba."

Na tura. Nan take alamar ta yi shuɗi, ashe wayar tana hannunta. A sama aka rubuta tana rubutu. Ya ɓace. Ya dawo. Ya sake ɓacewa, ya sake dawowa, ya daɗe. Nea Ignat ya buga gefen kwale-kwale da sanda. Ban jira ba. Na sa wayar a aljihu na gangara.

Awa shida muka yi a cikin kacala. Mun cika buhu ashirin da shida, mun ciro raga biyu. A dandamalin tafki ƙwai huɗu sun ƙyanƙyashe, Jagoda ta rubuta a littafi. Sauro ya cije ni a wuya, na ji shi tun yana cizon, na kai masa mari.

Yanzu ina zaune a ƙasan gangaren, na jingina da katangar coci, a nan na rubuta muku duk wannan a waya. Taku ashirin ne tsakanina da sabis. Ba yadda za a yi rubutun nan ya fita ba tare da amsar Mama ta shigo ba. Tanti ta wuce ni sau biyu da bokiti.

In kun ga wannan a shafinku, to na hau.